Masu Sharhin Sa-kai a Tarihin Ƙagaggun Labaran Hausa

Idan muka waiwayi tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko, za mu tarar cewa tun farkon tafiyar marubuci bai taɓa zama shi kaɗai ba. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. East da kansa yake bin rubutun, ya gyara, ya mayar wa mai shi. Haka abin ya ci gaba a Kamfanin Gaskiya da NORLA, daga baya kuma NNPC. Duk littafin da zai fito, sai wani ido ya tace shi tukuna, kuma mai idon albashi yake karɓa a kan aikin.

Wannan gata ya gushe a shekarun 1980. Tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Sai matasan Kano da Kaduna da wasu garuruwa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A wannan zango Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fito da In Da So Da Ƙauna. Makaranta suka yi tururuwa, amma editan da zai ce wa marubuci nan ka yi daidai, nan ka kauce, babu shi.

Masu sharhin sa-kai ne suka cike wannan gurbi. Na farko su ne marubutan da kansu, waɗanda suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama domin taimakon juna da shawara. Na biyu su ne makaranta, maza da mata, masu rubuta wa marubuci wasiƙa ta adireshin da ya sa a littafinsa, su yaba, su yi gyara, su nemi ci gaban labari. Na uku su ne masu sharhi a jaridu, kuma su tarihi ya fi riƙewa.

A 1994 Ibrahim Malumfashi ya yi rubutu a jaridar Nasiha inda ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da adabin kasuwar Onica, yana sukar ƙarancin zurfinsu da raunin rubutunsu. Marubuta suka fusata, suka mayar da martani. Muhawarar ta ƙara zafi a ƙarshen shekarun 1990 a filin adabi na jaridar New Nigerian Weekly, wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi. Abin lura shi ne, manyan masu kare littattafan ba daga sashen Hausa suka fito ba. Abdalla Uba Adamu malamin koyar da ilmin kimiyya ne a lokacin, Yusuf Adamu kuma malamin labarin ƙasa, dukkansu a Jami'ar Bayero. Son abin ne ya ja su, babu wanda ya ɗora musu.

Me marubuta suka samu? Da farko, sun sami suna da matsayi, domin abin da ake ja-in-ja a kansa a jarida ya wuce a kira shi shirme a wuce. Sa'an nan sun ji aibinsu daga bakin wanda ba ya neman komai a wurinsu: kurakuran ƙa'idojin rubutu, da maimaita jigo ɗaya, da aron labari daga finafinan Indiya. Daga ƙarshe, muhawarar ta taimaka wajen shigar da littattafan cikin nazarin jami'a, ɗalibai suka riƙa rubuta kundayen digiri a kansu. Har mai suka ya yi musu rana, ko da bai yi niyya ba.

Darasin da muke ɗauka shi ne, littafi ba ya rasa alƙali. In mai sharhi ya yi shiru, ɗan kasuwa zai yanke hukunci da yawan ciniki, ko hukuma ta yanke da ƙarfin iko, kamar yadda aka gani a Kano a 2007 lokacin da aka ƙona tarin littattafan hikaya a bainar jama'a. Mai sharhi kuwa yana karantawa kafin ya yi magana, yana kawo hujja, kuma yana barin ƙofar martani a buɗe.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da malamanmu, mu da muke nazarin Hausa nesa da cibiyar ɗab'inta, da mu ɗauki wannan aiki. Duk wanda ya karanta sabon labari, ya rubuta shafi ɗaya a kansa, ya faɗi gaskiya cikin ladabi, ya kawo misali daga littafin, ya miƙa wa wannan mujalla. Marubucin zai amfana, mai sharhin ma alƙalaminsa zai ƙara kaifi.