Igiyar Shekara Ɗari: Daga Tekun Meziko Zuwa Gulbin Sakkwato

Ƙa'idojin da injiniyoyi ke bi wajen gina dandamalin haƙar mai da iskar gas a tsakiyar teku, da asarar rayuka da dukiya aka saye su. A farkon lamari, akasarin kamfanonin da ke aiki a mashigin tekun Meziko suna auna ƙarfin gininsu da igiyar ruwa mafi girma da ake tsammani cikin shekara 25. Mahaukaciyar guguwar Hilda ta 1964 da ta Betsy ta 1965 suka rusa dandamali da dama, suka nuna cewa ma'aunin ya gaza. A 1969 Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta fitar da kundin API RP 2A, daga bisani igiyar shekara ɗari ta zama abin dogaro. Ma'anarta ita ce igiyar da yiwuwar aukuwarta a kowace shekara ɗaya ce cikin ɗari, don haka tana iya zuwa bana, ta kuma dawo baɗi.

A Tekun Arewa, wuta ce ta koyar da darasin. Ranar 6 ga Yuli, 1988, dandamalin Piper Alpha ya kama da wuta, mutum 167 suka rasu. Rahoton Lord Cullen na 1990 ya zo da shawarwari 106, aka wajabta wa kowane kamfani ya gabatar da hujja a rubuce cewa ya san haɗurran gininsa da yadda zai magance su.

Zamfara ba ta da teku, amma tana da ginin da ke tare ruwa. Ranar 30 ga Satumba, 2006, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Gusau da ke kan gulbin Sakkwato ta ɓalle, domin ƙofofin sakin ruwa sun ƙi aiki. Kimanin mutum 40 suka rasa rayukansu, gidaje wajen 500 suka salwanta. Gulbin nan shi ne ke gangarawa ta Bunguɗu.

Tambayar da guguwa ta tilasta wa masu haƙar mai ita ce ta dace da kowace madatsa da gada a ƙasarmu: wane ruwa aka gina ta domin ta jure, kuma wa ke gwada ƙofofinta kafin damina? Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Masu aikin teku sun mayar da wannan karin magana lissafi, suka rubuta shi a kundi, suka ɗora wa wani alhakinsa. Mazauna bakin gulbin Sakkwato sun cancanci irin wannan kundi.