Daga Lahore Zuwa Fakku: Tarihin Cutar da Ke Kama Kwamfuta da Waya

A watan Janairun 1986, wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kwamfuta a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wata 'yar manhaja mai suna Brain. Ita masana ke ɗauka a matsayin ƙwayar cuta ta farko da ta kama kwamfutoci samfurin IBM, irin waɗanda daga baya suka cika ofisoshin duniya. Hujjarsu ita ce mutane na kwafar manhajar da suke sayarwa ba tare da biyan ko sisi ba. Sai suka ɓoye Brain cikin faifai, ta yadda duk kwamfutar da ta kamu za ta shafa wa faifan da aka sa mata daga baya. Har sunayensu da adireshin shagon da lambobin waya suka rubuta a ciki. Ba a jima ba sai ga kira daga Amurka da Ingila, daga mutanen da ba su taɓa taka Pakistan ba. Hannu da hannu cutar ta ƙetare teku, ta hanyar aron faifai tsakanin abokai.

Ranar 2 ga Nuwamban 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell a Amurka, Robert Morris, ya saki wata iri da ake kira tsutsa, domin ba ta jiran a ɗauke ta, da kanta take bin layin sadarwa daga na'ura zuwa na'ura. An ƙiyasta ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000, a lokacin da duk waɗanda ke kan intanet ba su wuce 60,000 ba. Kotu ta same shi da laifi a 1990.

A watan Mayun 2000 kuma, daga Manila ta ƙasar Filifins, aka yi ta aika saƙon imel mai taken ILOVEYOU. Wanda duk ya buɗe takardar da ke maƙale da shi, sai cutar ta lalata masa fayiloli, ta kuma aika kanta ga duk wanda ke cikin jerin adireshinsa. Miliyoyin mutane suka buɗe, saboda da sunan wanda suka sani saƙon ya zo. Matashin da ya rubuta ta, Onel de Guzman, bai sha hukunci ba, don ƙasarsu ba ta da dokar da ta hana hakan a lokacin.

Shekara guda bayan haka, a 2001, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya. Yawancin mutanen Arewa ba ta imel suka fara haɗuwa da wannan annoba ba. A shagunan buga takardu na Sakkwato da Kano ɗalibai suka san ta, inda filas ɗaya kan zaga kwamfutoci barkatai, mai ita ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓuya, sai inuwarsu. Sannan ga 'yan tura finafinai da waƙoƙi da wa'azi a memori, sana'ar da ta kai har garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe da Fakku. Kwamfutar mai shago ɗaya in ta kamu, kamar rijiyar unguwa ce da ta gurɓata: kowa ya ɗiba ya kai gida.

Daga nan lamarin ya tashi daga wasan samari ya koma neman kuɗi. Ranar 12 ga Mayun 2017, WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa kafin ta buɗe. A watan Oktoban 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a kan FluBot, wadda ke kama wayoyin Android. Saƙon tes take turowa cewa an aiko wa mutum kaya, ya taɓa nan ya sauke manhaja. Da ya sauke, sai ta kwashe bayanan bankinsa, ta kuma bi lambobin da ke wayarsa. 'Yan sandan ƙasashe 11 ne suka haɗu suka rushe ta a 2022.

Najeriya ta kafa dokar laifukan intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024, kuma yaɗa irin wannan manhaja da gangan laifi ne a ƙarƙashinta. Sai dai doka ba ta dawo wa manomi da kuɗin amfanin gonarsa da aka zare masa daga asusu cikin dare. Faifai ya wuce, filas na kan hanyar wucewa, amma abin da cutar ke hawa bai sake ba, wato yardar da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa.

Don haka mai karatu, kada ka taɓa duk wata mahaɗa da aka turo maka da alkawarin tallafi ko kyauta, ko da daga amininka ta fito, sai ka kira shi ka tabbatar. Kada ka karɓi manhajar banki ta hannun wani. Masu shagunan tura finafinai kuma su riƙa wanke kwamfutocinsu da manhajar riga-kafi, domin amanar wayoyin jama'a ce a hannunsu.