Tarihin Rigimar Gonakin Gado da Hukumar Gari



Rigimar gonaki tsakaninmu da ma'aikatar magajin gari ba yau ta fara ba. Ya kamata mu san asalinta.

A zamanin kakanni, wanda ya sari daji shi ke da gona. Ɗiyansa su gada, su noma gandu tare. Iyaka ita ce gamba ko aguwa, shaida kuwa mai gari da maƙwabta. In gona ta gaji sai a bar ta ta huta, kowa ya san mai ita.

Da Nasara suka zo, sai suka kawo takarda. Dokar Faransa ta 1935 ta ce ƙasar da ba ta da mai ita, ko wadda aka bari ba noma fiye da shekara 10, ta gwamnati ce. Nan aka fara kallon saurar kakanninmu kamar daji.

Bayan 'yancin kai, a 1961, gwamnatin Diori Hamani ta yi doka cewa hukuma na iya karɓar ƙasa don amfanin jama'a, amma sai ta biya diyya tukuna. Ran 18 ga Disamba 1974 Seyni Kountché ya ce gona tana hannun mai noma ta. Talakawa da yawa sun samu tsayawa, amma waɗanda suka ba da aro ko jingina suka tafi Kano ko Abijan, wasu sun dawo sun tarar magana ta rikice.

Ran 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar karkara. Ta ce haƙƙin da aka samu bisa al'ada da wanda aka samu bisa takarda, kariyarsu ɗaya. Ta kuma kawo kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo. Na farko sun fara aiki a Mirriya da Maine-Sorowa a 1994.

A 2004 aka zaɓi kansaloli cikin komin 265. Komin na bukatar kuɗi, gari kuma na faɗaɗa, sai yanka filaye ya zama babbar hanyar samu. Gonakin bakin gari su ne na farko da aka kafa wa borni. Dangin da kansu ya haɗu kan tsaya a ba su diyya ko filaye. Waɗanda ba su raba gado ba, rabinsu na waje, sau da yawa mutum ɗaya ke sa hannu a madadin kowa.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu, tun suna da rai, su zagaya iyakoki da samari, su faɗi wace gona ce gado, wace ce aro. Ku na waje, in kun zo damina, ku zauna da 'yan'uwa maza da mata, a je wurin mai gari da Kofo a rubuta. Doka ta yarda da maganar dattijo, amma sai yana nan zai faɗe ta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci.