Hawan Kagarar Scarborough da Ɗaurarren da Ya Ƙi Rantsuwa

'Yan'uwa matasa, yau mun nufi arewa maso gabashin Ingila, garin Scarborough da ke bakin teku a yankin Yorkshire. Daga tashar masunta hanya takan miƙe sama ta cikin tsohon gari, tudu bayan tudu, har numfashi ya fara yi mana wuya. A bisa kanmu wani babban dutse ne da ya kutsa cikin teku, tsayinsa wajen mita 90, a kansa kuma kangon kagara yake tsaye.

Kafin mu kai ƙofa sai mun wuce Majami'ar Maryamu. Mu ɗan huta a nan, za mu komo kanta.

Romawa ne suka gina hasumiyar tsaro a kan dutsen wajen shekara ta 370. Babbar hasumiyar da muke hangowa kuwa Sarki Henry na Biyu ne ya gina ta tsakanin 1159 da 1169, tsayinta kusan mita 30. Da mun matso za mu ga bangonta na yamma babu shi, kamar an tsaga ta da gatari. A 1645, lokacin yaƙin basasa tsakanin sarki da Majalisa, Hugh Cholmley ya riƙe kagarar domin sarki wata biyar. Sojojin Majalisa suka jawo igwa suka girke ta cikin majami'ar nan da muka wuce, suka yi ta harbi har bangon ya zube. Na sama suka rama, suka rushe gabashin majami'ar. Gutsattsarin bangonta na nan a maƙabarta har yau. Masu harbin da waɗanda ake harbi duk Kirista ne, kowa da Littafi Mai Tsarki a hannunsa.

Shekara ashirin bayan haka, a 1665, aka kawo wani ɗaurarre daga kurkukun Lancaster. Sunansa George Fox, ɗan masaƙi, wanda ya kafa ƙungiyar Abokai da ake kira 'yan Kweka. Ba sata ya yi ba, bai kuma ɗauki makami ba. An ce ya yi rantsuwar biyayya ga Sarki Charles na Biyu, ya ƙi, domin ya ɗauki koyarwar Yesu a kan rantsuwa a Matiyu sura 5 yadda take. Ya yarda ya faɗa da baki cewa ba ya nufin sarki da mugunta, amma ba zai rantse ba.

Shi da kansa ya ba da labarin zaman. Ɗakin farko hayaƙi ya cika shi, ruwan sama kuma yana shiga. Ya kashe kuɗinsa ya gyara, da aka ga ya gyaru sai aka mai da shi wani da ya fi muni, mai fuskantar teku, babu murhu. Iska takan koro ruwa har kan gadonsa, ya riƙa kwashewa da akushi. Tufafinsa su jiƙe, ba wutar da zai shanya su, har yatsunsa suka kumbura. Burodin kwabo uku yakan kai shi mako uku. Aka hana abokansa ganinsa, amma aka bar manyan gari da malaman addini su hauro su yi gardama da shi. Har barazana aka yi masa cewa idan tarzoma ta tashi a ƙasa, a bangon nan za a rataye shi.

Ba duk abin da Fox ya koyar muka yarda da shi ba. Ya ajiye baftismar ruwa da Jibin Ubangiji, mu kuwa muna riƙe da su, yawancin ikkilisiyoyi kuma ba su hana rantsuwa a gaban kotu ba. Sai dai mu lura, kalmomi kaɗan ne tsakaninsa da ɗaki mai ɗumi, ya kuwa ƙi furta su domin lamirinsa. Waɗanda suka kulle shi ba arna ba ne, masu zuwa sujada ne ran Lahadi kamar mu. Wannan ya fi sanyin ɗakin damunmu.

Sannu a hankali halinsa ya sauya zuciyar masu gadinsa. Gwamnan kagarar, Jordan Crosland, ya koma mai tausaya masa, har ya sa baki a Landan a kan maganarsa. Aka sake shi ran 1 ga Satumba 1666, kashegari babbar gobarar Landan ta tashi. Bayan 'yan shekaru Fox ya sake biyowa ta Scarborough, gwamnan ya aika masa da gayyata, ya hau tudun nan da ƙafarsa, aka karɓe shi da mutunci.

Hasumiyar da aka tsare shi a ciki babu ita yanzu. A Disamba 1914 jiragen ruwan yaƙin Jamus suka yi wa garin da kagarar ruwan wuta, suka ƙara lalata abin da ya rage. Idan muka tsaya a gefen dutsen ta kudu, ciyawa ce a ƙarƙashin ƙafarmu, kwalekwalen masunta suna can ƙasa, iskar teku kuma tana da ƙarfin da sai mun riƙe hulunanmu da hannu.