Shan Inna a Arewa da Kuɗin Rotary

Muna yara a Dogon Dutsi da ke Nijar, in zazzaɓi ya shanye ƙafar yaro, sai a ce iska ce, a nufi ƴan bori. Kakata har ta rasu ba ta yarda da wani bayani ba. A 1985 ƙungiyar Rotary ta fara tara kuɗin rigakafin shan inna, daga baya masu ɗiga magani suka riƙa bi gida-gida har ƙauyukan Tibiri. Da Kano ta dakatar da rigakafi a 2003, cutar ta ƙara bazuwa. Sai a 2006 aka cire Nijar daga ƙasashen da cutar ta yi wa kaka-gida. Waɗanda ta riga ta gurgunta fa suna nan. Mutanen Arewa, keken guragu ba sai mun jira Rotary ba.