Tashar Oji: Kwal Ya Haife Ta, Fetur Ya Binne Ta

A shekarar 1956 aka kunna tashar wutar lantarki ta kogin Oji, kusa da Inugu, kuma a wannan shekarar ce aka tono ɗanyen man fetur a Oloibiri. Wanda ya ajiye waɗannan abubuwa biyu kusa da juna ya riga ya ga tarihin tashar, domin ranar sunanta aka haifi magajinta. An kafa ta ne a kan arzikin kwal ɗin da aka gano a yankin Udi a 1909, wanda saboda shi Turawan mulki suka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal a 1916. Daga bakin ramukan haƙa ake loda kwal cikin bokitan ƙarfe, su bi wayar da aka ɗaure a sama, suna lilo bisa daji har bakin tukunyar tashar. Ruwan kogin ya zama tururi, tururin ya juya injuna, wuta ta fita.

Wasu za su ce yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya kashe ta. Lalle yaƙin ya yi ɓarna, don an bar ramukan babu mai kula har ruwa ya cika su. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun kafin a harba bindigar farko, hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai sayen kwal, ta fara sauya kawunan jiragenta zuwa masu shan dizal, sannan a 1968 madatsar Kainji ta kawo wutar da ba ta cin ko dunƙule ɗaya. Ma'adinin da manyan masu saye suka juya wa baya ba ya samun kuɗin gyara, tashar da ke ci daga hannunsa kuwa dole ta rame. Ai Oji ta ci gaba da aiki shekaru da dama bayan yaƙin, sai dai tana yi tana tsayawa, kafin ta yi shiru gaba ɗaya a farkon wannan ƙarni.

Haka kuma ba tsoron ɗumamar yanayi ne ya rufe ta ba, irin wanda ya sa Birtaniya ta kashe tasharta ta kwal ta ƙarshe a 2024. Can an tanadi madadi kafin a kashe wutar. A Oji kuwa yunwar kwal ce ta ci tashar, alhali kwal ɗin na kwance a ƙarƙashin tuddan Inugu. Duk mai kiran a farfaɗo da ita, sai ya fara leƙa ramin da ruwa ya cinye.