Kaɗaicin tsofaffi a ƙagaggun labaran Hausa

Kaɗaicin tsofaffi jigo ne da ake samu a tatsuniyoyi da ƙagaggun labaran Hausa, inda ake nuna tsoho ko tsohuwa da abokan zama suka mutu ko suka watse, sannan aka samu wani sabon mutum ya shigo rayuwarsu. A adabin Turai an fi nuna irin wannan tsoho yana zaune shi kaɗai a gida. A labaran Hausa kuwa sau da yawa yana cikin jama'a ne, amma ba mai sauraronsa, kuma sabon abokin nasa yakan kasance yaro ne ko matashi, ba tsaransa ba.

Yanayin zaman karkara

Karkarar da ta kewaye birnin Kano, har zuwa wajen Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, tana cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi bincike a kanta tun shekarun 1960. Gonaki ƙanana ne, ana noma su kowace damina da taki, gidaje kuma suna kusa da juna. A irin wannan wuri da wuya a ga tsoho ba kowa a kusa da shi.

Duk da haka akwai hanyoyin da kaɗaici yake shiga. Idan gandu ya watse, 'ya'ya suka raba gona kowa ya kama tukunyarsa, uba yakan rasa ikon da yake da shi. Da kaka ta wuce samari sukan tafi ci-rani birni, wasu ba su dawowa. Matar da mijinta ya rasu takan koma ɗaki a gidan ɗanta, a ƙarƙashin girkin suruka. Wadda ba ta haihu ba ita ce ta fi shan wuya, domin ba ta da gidan da za ta ce nata ne. Al'ada ta tanadi wasu hanyoyin rage wannan, kamar riƙon ɗa, da wasan kaka da jika, da auren ɗauki-sandanka wanda mace take zaune a gidanta miji yana zuwa. Su ne kayan da masu ba da labari suke aiki da su.

A tatsuniya

Tsohuwa tana cikin taurarin da suka fi yawan fitowa a tatsuniya. Wani lokaci makira ce mai kai gulma fada, wani lokaci kuma baiwar Allah ce da take zaune a bayan gari, wadda take saka wa yarinyar da ta taimake ta da alheri. Tatsuniyar Ta-Kitse ta fi kowace fito da kaɗaicinta. A yadda aka fi ba da ita, tsohuwa ce marar ɗa, ba ta da komai sai bijimi. Sarki ya sa aka yanka shi, ita kuwa aka bar ta da kitse. Ta adana kitsen a ɗaki, sai ya rikiɗa ya zama 'yan mata masu yi mata aikace-aikace. Daga baya sarki ya auri ɗaya daga cikinsu, kishiyoyi suka matsa mata ta yi aiki kusa da wuta, ta narke. Yara sukan ɗauki labarin a matsayin gargaɗi kan kishi, amma tushensa buƙatar tsohuwa ce ta samun wanda za ta kira nata, kuma mai mulkin da ya ƙwace bijimin shi ne ya sake raba ta da abin da ta samu.

Abin lura shi ne, tsofaffin mata ne da kansu suka fi ba da tatsuniya da dare, jikoki na kewaye da su.

Littattafan farko

Gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafan zube na farko a boko. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dattijon malami ne yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa a Rauta. An sace shi yana yaro, ya girma a hannun baƙi, mahaifiyarsa ta faɗa bauta garin nemansa, ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu. Almajiran ne suka maye masa gurbin dangi.

Baba of Karo, wanda ya fito a 1954, ba ƙagaggen labari ba ne, amma masu nazarin wannan jigo sukan koma gare shi. Mary F. Smith ce ta rubuta shi daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950. Baba ba ta haihu ba, ta yi aure fiye da sau ɗaya, ta riƙi 'ya'yan dangi, kuma ta yi bayani mai yawa kan ƙawance. Littafin kansa ya samu ne daga shaƙuwar tsohuwa da baƙuwar da ta zauna ta saurare ta.

Littattafan zamani

Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 sun fi karkata ga matasa. Tsofaffi a cikinsu galibi iyaye ne masu tilasta aure ko kakanni masu barkwanci, ba kasafai ake shiga zuciyarsu ba.

Littafin da ya sa jigon a gaba sosai da Ingilishi aka rubuta shi, wato Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan jarida haifaffen Jos. Ya fito a 2015, ya kuma ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Tauraruwarsa Hajiya Binta Zubairu ce, mai shekara 55, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, ɗanta ya mayar da ita Mararaba kusa da Abuja. Ba ita kaɗai ba ce a gidan, akwai jikarta da wata 'yar 'yar'uwarta, tana zuwa Islamiyya, har da dattijon da yake neman aurenta. Amma tana ɗauke da baƙin cikin ɗanta na fari da ya mutu, wanda kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa ko nuna masa ƙauna yana raye. Sai wani matashi ɗan daba mai sayar da tabar wiwi, da ake kira Reza, ya haura gidanta don yin sata. Ita ta ga kamannin ɗanta a fuskarsa, shi kuma ta tuna masa da mahaifiyarsa da ta tafi ta bar shi. Alaƙarsu ta wuce abota ta zama ta ɓoye, gulma ta bazu, ƙarshenta ya zo da asarar rai. Littafin ya ja hankali domin ya taɓo abin da ba a cika faɗa ba, cewa macen da ta manyanta tana da sauran buƙata bayan ibada da renon jikoki. An fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci.

A wasu ƙasashe

Marubuciyar Senegal Mariama Bâ ta wallafa Une si longue lettre a 1979, wanda wasiƙa ce da Ramatoulaye take rubuta wa tsohuwar ƙawarta tana cikin takaba. A Sweden, Fredrik Backman ya fitar da labarin Ove a 2012, wani dattijo mai faɗa da matarsa ta rasu, wanda sababbin maƙwabta suka dawo da shi cikin mutane. Our Souls at Night na Ba'amurke Kent Haruf, da ya fito a 2015 bayan rasuwar marubucin, ya haɗa tsofaffi biyu maƙwabta ne, mace da namiji da kowanne ya rasa abokin aurensa, suka riƙa kwana tare don hira, har ɗan matar ya sa baki ya raba su.